Ranar da Kaka Ta Ambaci Sunan Ramatu

A gidanmu da ke wani ƙauye gabas da Shagari, ba a kiran yaro zuwa hira. Da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai Kaka Tumba ta jawo karan gero ta haɗa da busasshen kashin shanu, ta hura wuta a ƙofar ɗakinta. Warin hayaƙin nan kaɗai ya ishe mu kira. Zamanin Turawa ne. Mota takan yi kwana biyu ba ta bi ta hanyar Sakkwato ba, fitila mai kwalba kuwa sai gidan mai gari. Mu tara ne jikokinta a gidan, kullum muna ture juna wajen neman gefen da take miƙe ƙafa, don a nan take ɓoye gasasshiyar gujiya.

Kaka ita ta haifi babana. Doguwar mace ce, baƙa, mai murya kamar ta namiji, kuma ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta buga sandarta a ƙasa sau biyu ta ce, "Ga wata nan tahe, ku ba ta hanya." Mu amsa baki ɗaya, "Mun ba ta, ta shigo." Daga nan sai kura da zomo da aljanun rijiya su cika tsakar gida har a kira isha'i.

Ina da shekara tara aka ga tabo a hannuna na hagu. Mahaifiyata ce ta gan shi tana cuɗa ni da rana, wani ɗan wuri da ya kwaile ya yi haske, bai fi ganyen magarya girma ba. Ta sake cuɗawa, bai fita ba. Ta sake, har na ce tana ji mini ciwo a gefe. Ta ɗaura mini zane, ta shiga ɗaki, na ji tana magana ƙasa-ƙasa da babana.

Da magariba ta yi an hura wuta kamar kullum, amma aka kora sauran yara ɗakunan iyayensu. Ni kaɗai aka bari. Babana ya zauna can nesa a kan turmi ya ba mu baya. Mahaifiyata ta tsaya a bakin ƙofarta, ba ta shiga ba, ba ta fito ba.

Kaka ta zaro ƙayar aduwa daga bakin zanenta ta ce, "Kulu, ruhe idonki. In kin ji abu, ki ce."

Na rufe. Ta tsikare ni a hannun dama, na yi ƙara na fizge. Ta ce, "Madalla. To, kawo ɗayan."

Na miƙa mata na hagu, na cije leɓe ina jira. Na ji ƙarar kara a wuta, na ji tarin akuya a bayan danga. Da na gaji na ce, "Kaka, ki yi mana."

Na buɗe ido, sai ga ɗigon jini a tsakiyar tabon, har ya fara gangarowa. Tuni ta soke ni, ban ji komai ba.

Ta jefa ƙayar cikin wuta. Ba ta buga sanda ba ranar. Ta ce, "Yau ba kura, ba zomo. Yau ta gidan ga ce. Kina da goggo, sunanta Ramatu."

Babana ya juyo da sauri. "Inna, don Allah."

"Yi shiru," in ji ta. "Wanda yah hana a faɗi sunan ga shina cikin ƙasa. Ni kuwa ina bisa."

Ban taɓa jin babana yana da 'yar'uwa ba sai ranar.

Ramatu ita ce autar Kaka. An yi mata aure a wani ƙauye wajen Kajiji, tana sana'ar fura, mutane na son hannunta. Shekara uku da aure tabo irin nawa ya fito mata a kumatu. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka sha rubutu, abin sai ci gaba yake. Da yatsunta suka fara lanƙwashewa, kowa ya san kuturta ce. Mijin ya sawwaƙe mata, ta dawo gida. Ba a yi wata biyu ba dattawan gari suka zo wurin kakana, Malam, wanda ke da makarantar allo a ƙofar gida. Suka ce iyaye na shirin janye 'ya'yansu, mata kuma sun daina ɗiban ruwa a rijiyar unguwa. Aka kafa wa Ramatu bukka a bayan gari, can inda ake zubar da toka.

"Akwai wani dutse shimfiɗaɗɗe tsakanin gari da bukkar," in ji Kaka. "Nan nike aje mata tuwo, in ja baya, in kira ta. Ta zo ta juye a ƙwaryarta, ta koma. Damina biyu muna haka. Ni da nih haihe ta."

A wannan lokacin ne labari ya bazu cewa hukuma ta yarda wa 'yan Mishan su zauna a ƙasarmu. An gindaya musu sharaɗi: ba wa'azi a kasuwa, ba shiga gari, sai dai su yi wa kutare magani. Da suka nemi wurin zama, aka nuna musu wani fako a kan hanyar Bodinga, ƙasa ja mai tauri wadda ruwan sama ke gudu a kanta ya bar kwazazzabai, ko akuya ba ta tsayawa kiwo a wurin. Kaka ta ce da gangan aka zaɓa. An yi tsammanin rani ɗaya zai kore su.

Wata safiya sai ga wata Baturiya a kan keke, tare da wani baƙin mutum mai tsage a fuska, mutumin kudancin lardi, mai suna Bulus. Ba su shiga gari ba. Suka wuce kai tsaye bukkar Ramatu. Kaka tana tsaye a wajen dutsen nan da akushi a hannu tana kallo. Baturiyar ta durƙusa, ta kama hannuwan Ramatu biyu, ta juya su tana dubawa, tana matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Akushin ya kusa suɓuce mini," in ji Kaka. "Ba daɗi nij ji ba, Kulu. Tsoro nij ji, da kunya. Baƙuwa, ba addininmu ba, ta riƙe hannun da ni ban iya riƙewa."

Baturiyar ta nemi a bar Ramatu ta je wurinsu a yi mata magani, Malam ya ce sam. Ya ce ya san abin da ke bayan maganin, kuma gara Ramatu ta mutu a bukkarta tana Musulma da ta warke a hannunsu ta rasa lahira. Ramatu ba ta yi musu da kowa ba. Bayan kwana huɗu aka wayi gari bukkar ba kowa. Ta bi hanyar Bodinga da ƙafa, ƙafar da ba ta jin ƙaya.

Shekara biyu Kaka ba ta sa ta a ido ba. Sai aka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, gonaki suka ƙone, shanu suka riƙa faɗuwa a hanya. Kaka ta ce za ta Sifawa gaisuwar mutuwa, ta zarce wurin 'yan Mishan.

Ta ce da ta iso ba ta gane wurin ba. An jera duwatsu layi-layi a kan gangaren don su tare ruwa. An haƙa ƙananan ramuka birjik an cika su da taki, a kowane rami ga dawa kore shar, a shekarar da ba kore ko'ina. An dasa dogon yaro da bagaruwa, kowanne an kewaye shi da ƙaya. Ga rijiya mai zurfi da murfi. Masu aikin kuwa kutare ne. Waɗanda ba su da yatsu an ɗaura musu fartanya a dungu da igiya, suna sara.

Bulus ya gan ta tsaye tana kallo, ya gaishe ta da ladabi. Ta tambaye shi wane irin asiri suka binne a wurin. Ya yi dariya ya ce, "Babu asiri, Inna. Mu abin da aka koya mana, Allah bai ba ɗan Adam ƙasa don ya cinye ta ba, ajiya ce aka ba shi. Ba wurin mutane kaɗai aka aiko mu ba. Ƙasar nan ma ciwo gare ta, an yar da ita kamar yadda aka yar da su. Duka biyun muke jinya."

Kaka ta ce maganar ba ta da aibu, kuma rashin aibun ne ya tsorata ta. "Da sun zo da bindiga irin na farko, da mun san yadda za mu ƙi su. Sai sunka zo da ruwa da magani. Mi za ka ce ma wanda ƙasa ta amsa ma kira?"

Ta sami Ramatu ta yi ƙiba, gyambon ƙafarta ya rufe. Suka zauna a inuwa. Can aka buga wani ƙarfe da ke rataye a bishiya, mutane suka nufi wani dogon ɗakin ciyawa, aka fara waƙa. Kaka ta ga leɓen Ramatu yana motsi.

"Ramatu, kina salla?"

Ramatu ta dubi hannuwanta. Ta ce, "Inna, damina biyu ina bayan gari ba wanda ya zauna kusa da ni. Nan kuwa kwano ɗaya muke ci."

"Ba shi nit tambaye ki ba."

"Na sani. Ki sha ruwa, Inna, kin sha hanya."

Kaka ba ta sha ba. Ta koma gida da ƙishirwarta.

Da lokacin girbi ya zo, wani mai jakuna ya kawo labari a kasuwa cewa an tsoma ɗiyar Malam a ruwa an sake mata suna. Malam ya tara gida ya ce daga ranar ba shi da ɗiya, kuma duk wanda ya ambaci sunanta bai yafe ba. Bayan shekara uku Bulus ya zo a kan keke, ya tsaya a ƙofar gida cikin rana, ya ce ciwon ƙirji ya ɗauke Ramatu. Ba wanda ya ce masa shigo, ba wanda ya ba shi ruwa.

"Ban san wanda yaw wanke ta ba," in ji Kaka. "Ban san ina anka juya huskarta ba."

Wutar ta kusa cinyewa, ba wanda ya ƙara kara. Ni kuwa na ƙanƙame hannuna na hagu a hammata kamar za a ƙwace shi. A raina na ga bukka, na ga dutsen, na ga mahaifiyata tana ja da baya. Na fashe da kuka na ce kada a kai ni bayan gari, kada kuma a kai ni wurin masu tsoma mutane a ruwa.

Babana ya taso ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. Ya ce, "Inna, a rufa maganar nan. A sa mata riga mai hannu. Kin ga dai abin da suka yi wa waccan."

"Abin da anka yi mata, mu munka fara shi," in ji Kaka. "Su ƙarasawa sunka yi. In an ɓoye tabon ga, bana hannu, baɗi huska, daga nan dattawa su zo. An ce yanzu suna da wani magani sabo, in an kai yaro da wuri ko yatsa ɗaya ba shi rasawa. Gobe in Allah ya kai mu ni da Kulu za mu tahi."

"Ki kai ta ki baro ta wurinsu?"

"Wa yac ce maka baro ta zan yi? In shekara biyu ce, shekara biyu nike zaune."

"Inna, mutane..."

"Na saurari mutane sau ɗaya. Ya ishe ni."

Washegari bayan asuba aka ɗora ni kan jaki. Mun yi hantsi a Sifawa, muka isa da azahar. Bishiyoyin da Kaka ta gani ƙanana sun zama kurmi, inuwarsu ta yi duhu da sanyi, ga shiru. Ban taɓa ganin itatuwa da yawa haka wuri ɗaya ba, kuma ba su ba ni sha'awa ba. Daga cikin duhun mutane suka riƙa fitowa suna kallonmu, wasu ba hanci, wasu na jan ƙafa. Baturiyar ta tsufa, gashinta ya yi fari fat, idanunta kamar na kyanwa. Ta dubi hannuna, ta dubi Kaka ta daɗe, sannan ta ce da Hausarta ta hanci, "Ke ce uwar Rahila."

"Ni ce uwar Ramatu," in ji Kaka.

Aka ba mu ɗaki ɗaya. Ana ba ni ƙananan ƙwayoyi farare, ana duba hannuna duk mako. Kaka ta zama katanga tsakanina da su. Ita ke ta da ni asuba. Ranar Lahadi da an buga ƙarfe sai ta ja ni can ƙarshen gona, ta sa ni biya ƙananan surori da ƙarfi har a tashi. Wata rana Baturiyar ta zo da kanta ta ce ina da kai, a bar ni in shiga makarantarsu. Kaka ta miƙe tsaye ta ce, "Hannunta nik kawo muku. Sauran nawa ne."

Amma ba ta zauna haka kawai tana cin abincinsu ba. Ta ɗauki duwatsu tare da kutare, ta yi ban ruwa, ta wanke wa wata tsohuwa makauniya gyambo har matar ta rasu. Kullum sai sun yi gardama da Bulus a bakin rijiya, yana cewa Inna kaza, tana cewa ɗan nan ka ji tsoron Allah, su rabu kowa na kan bakansa, gobe su sake.

Ba zan ɓoye ba, waƙoƙin nan suna da daɗi, kuma iska na kawo su har ƙarshen gona. Wata rana ina shara na kama rera ɗaya ban sani ba. Na ɗago na ga Kaka a bakin ƙofa. Ba ta doke ni ba, ba ta yi faɗa ba. Ta koma ciki ta zauna ta fuskanci bango, yini guda ba ta sa komai a bakinta ba. Ban sake ba.

Bayan damina biyu tabon ya ɓace. Aka soke ni da allura a wurin, na yi tsalle, Baturiyar ta tafa hannu. Muka dawo gida da yatsuna goma da sunana.

Na daɗe ina ɗaukar labarin Goggo Ramatu a matsayin gargaɗi game da 'yan Mishan, cewa alherinsu da ƙugiya a ciki. Ban ce babu gaskiya a haka ba, don na ga yaran da aka kai su kaɗai, na kuma san yadda suka ƙare. Yanzu na wuce shekarun da Kaka take da su a lokacin. Na zauna da Kiristoci a wurin aiki da maƙwabtaka, na ji yadda suke faɗin abin da majami'arsu ta ɗora wa kanta, wato kula da mutanen da aka yasar da kuma ƙasar da aka lalata. Ni shaida ce sun yi, a jikina da kuma a fakon nan. Ni ce kuma shaidar abin da gidanmu ya rasa. Har yau na kasa haɗa biyun in yanke hukunci ɗaya, kuma na daina ƙoƙari. Bara na bi ta wurin a mota, na ga an sare yawancin itatuwan an yi gawayi, jar ƙasa ta fara leƙowa, kwazazzabai sun dawo. Ba Bature ya sare su ba.

Abin da na gane a makare shi ne, ba don ta tsorata ni da su Kaka ta ba ni labarin ba. Da babana take, da mahaifiyata, da garin gaba ɗaya. Kuma garin bai ji ba.

Da muka dawo, mutane sun zo barka, amma daga bakin zaure. Kaka ta hura wutarta kamar da, iyaye mata suka riƙe 'ya'yansu a ɗaki. In ta aika wa maƙwabta tuwo, sai a zuba wa kaji. Ba ta taɓa ɗaukar cutar ba, kowa ya san haka, amma an ce ta daɗe cikinsu. Ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.

Shekara biyar bayan haka ta rasu, ranar wata Talata da hantsi. Maza suka tafi haƙa kabari. Aka dafa ruwa da ganyen magarya aka kai ɗakinta. Matan unguwa, waɗanda ita ta karɓi haihuwar rabinsu, suka cika tsakar gida suna salati, kowacce na duban 'yar'uwarta. Mahaifiyata tana kwance da ɗanyen jego. Ina da shekara goma sha shida, ban taɓa ganin yadda ake wankan gawa ba. Na shiga na zauna kusa da ita, na bar labule a ɗage don duk wadda ta yi niyya ta gani hanya a buɗe take. Ina jin liman a waje yana tambaya ko an gama.

Da na tsoma hannu a ƙwaryar na ji ruwan ya huce, sai na sauke labulen na yi bisimilla.